Kalmomin ja da baya a Turanci: Bambancin "back down", "back out" da 'yan'uwansu

Turanci yana da salon haɗa aikatau da wata ƙaramar kalma, kamar down ko out, sai ma'ana ta sauya gaba ɗaya. Da yawa daga cikin irin waɗannan haɗe-haɗe suna nufin ja da baya ne daga matsayi ko alkawari, amma kowanne da nauyinsa. Mai fassarar da ya gauraya su zai iya mayar da gyaran furuci ya zama saduda, ko ya ɗora wa mutum laifin saɓa alkawarin da bai ɗauka ba.

Back down shi ne sassautowa bayan matsin lamba. A watan Janairun 2012, gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kimanin 141. Da yajin aiki ya tsananta, sai ta sauko zuwa naira 97. Jaridun Birtaniya sun fi kiran irin wannan climb down, wanda ke ɗauke da ƙanshin jin kunya.

Back out zame jiki ne daga yarjejeniyar da aka riga aka ƙulla. A watan Yulin 2022 Elon Musk ya nemi fasa sayen Twitter a kan dala biliyan 44, daga baya ya kammala cinikin a watan Oktoba.

Pull out ficewa ce a hukumance, kamar yadda Amurka ta fice daga yarjejeniyar nukiliyar Iran a 2018. Ana kuma amfani da ita wajen janye sojoji.

Walk back ta fi shafar furuci: jami'i ya yi magana, sannan ya dawo yana rage mata kaifi. Ba kullum ta kai lashe amai ba, domin sau da yawa ba a janye maganar ɗungurungum.

Cave in miƙa wuya ne baki ɗaya, kuma akwai zargin rauni a cikinta. Bow out kuwa janyewa ce cikin mutunci, yayin da chicken out ba'a ce ga wanda tsoro ya hana, don haka ba ta dace da labarin jarida ba sai a bakin mai magana.

Kafin zaɓar fassara, a tantance abu biyu: me aka janye, magana ce ko yarjejeniya, kuma da son rai aka yi ko bisa tilas.