Karin maganar kaka da allon lakkol

Ina koyarwa a makarantar horar da malamai, gidana kuma a Banifandu yake, nan Yamai. Duk shekara nakan sa ɗalibaina su rubuta magana ɗaya mai hikima a allo, irin wadda za su buɗe darasin tarbiyya da ita. Bara, kusan duk ajin La Fontaine da Victor Hugo suka kawo, wasu ma daga Facebook suka kwaso. Da na tambayi wata ɗaliba me kakarta take cewa idan yaro ya yi gaggawa, sai ta yi dariya ta ce: "Mushe, wannan ai ba na aji ba ne."

Ban ga laifinta ba, don abin yana da asali. Lakkol ɗin da Faransa ta kafa mana ta hana yaro yin harshen gidansu, wanda ya yi kuwa a rataya masa alamar kunya a wuya. Ni kaina na tarar da ragowar wannan al'ada a firamare. Yaron da aka hora saboda ya yi Hausa ko Zabarmanci, da wuya ya girma yana ganin maganar tsohuwarsa ilimi ce.

Abin mamaki, baƙi ne suka riga mu zuba karin maganar Hausa a littafin boko. Wani hafsan sojan Ingila, George Merrick, ya buga tarinsa a 1905. A 1966 Kirk-Greene ya fitar da guda 500 a littafinsa Hausa Ba Dabo Ba Ne. Sun yi aiki, ba a hana su. Sai dai bukatarsu ita ce Bature ya koyi harshe, shi ya sa maganganun suka fito a jere kamar kayan tebur, an raba su da wanda ya faɗa da kuma rigimar da ta sa aka faɗa.

A nan gida, wanda ya ɗauki abin da gaske shi ne Bubu Hama. An haife shi a Foneko, kusa da Tera, a 1906, ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, ya fara koyarwa a 1929. Malamin aji ne kamarmu kafin ya shugabanci Majalisar Dokoki daga 1958 zuwa juyin mulkin 1974. Yana kan wannan kujera yake tattara tarihin baka da tatsuniyoyi da tsofaffin rubuce-rubucen ajami. A zamaninsa ne, a 1968, aka buɗe cibiyar adana al'adun baka a Yamai da taimakon UNESCO, wadda yau muke kira CELHTO. Ya rasu a 1982. Gidan tarihin ƙasa sunansa yake ɗauke da shi, amma yawancin littattafansa da Faransanci ya rubuta, don haka tsofaffin da ya ji labari daga bakinsu ba su iya karanta shi ba. Makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa sai a 1973 aka buɗe ta farko a Damagaram.

Ni dai ba na cikin masu cewa duk abin da magabata suka faɗa daidai ne. "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi" na sha jin ta a bakin uban da ya zo lakkol yana neman a ƙara wa ɗansa bulala. Na kuma ji ta a bakin uwa mai koya wa 'yarta gaisuwa cikin lallashi. Magana ɗaya ce, amma wanda ya faɗe ta da lokacin da ya zaɓa su ne suka raba su, kuma wannan ne jerin littafi ba ya iya riƙewa.

Saboda haka bana na canza aikin. Kowane ɗalibi zai kawo karin magana ɗaya da ya ji da kunnensa, ya faɗi wa ya yi ta, ga wa, kuma me ya faru kafin nan. Ɗalibar nan da ta yi dariya bara, ta dawo da "ruwa ba ya tsami banza". Wata mai sayar da fura ce a unguwarmu ta faɗa wa maƙwabciyarta, da ta ga ɗanta ya kwana uku yana ƙin zuwa lakkol. Aka bincika, ashe wasu manyan yara ne suke tare shi a hanya suna ƙwace masa dalar kalaci.