Daga ƙirga don yunwa zuwa ƙirga don ƙoshi

Kafin 1922, yaron da ciwon sukari ya kama a Turai ko Amurka magani ɗaya gare shi, wato yunwa. Likita Frederick Allen ya yi suna da wannan: a auna abinci da sikeli, a yi ta ragewa, yaro ya ƙara ƴan watanni ko shekaru a duniya yana ramewa. Elizabeth Hughes, ɗiyar ministan harkokin wajen Amurka, ta bi tsarin shekara uku. Da aka kai ta Toronto a Agusta 1922 tana da shekara goma sha biyar ba kaɗan, nauyinta kilo 20 ne kacal.

Can Banting da Best suka tace insulin a 1921, aka fara yi wa Leonard Thompson, ɗan shekara 14, allurarta a Janairu 1922. Elizabeth ta samu, ta yi aure, ta haihu, sai 1981 ta rasu.

Ƙirga ba ta mutu ba, manufarta ce ta juya. Bayan babban binciken DCCT da ya fito a 1993, dabarar ta bazu: a lissafa garam nawa na sitaci da sukari ke cikin abin da yaro zai ci, a daidaita allura da shi. Sau da yawa ma'auni ɗaya na insulin kan ɗauki garam 10 zuwa 15, amma kowane yaro da nashi, likita ke yankewa.

To, mu nan Yamai fa? An gina lissafin nan kan faranti ɗaya, mutum ɗaya, da kwali mai rubutu. Mu kwano guda muke sa wa hannu. Garam nawa ne malmalar tuwo? Ludayin fura? Dambu da kopto na bakin titi? Uwa ta san ma'auninta sarai, sai dai ba da garam ta san shi ba.

Ga kuma sunan kansa, wanda shi ya fi damuna. Likitocinmu na cewa gulusid, mu muna cewa ciwon sukari, sai kaka ta hana yaro sukarin shayi ta cika mai kwano da shinkafa, zuciyarta fes. Ba laifinta ba ne: kalmar ba ta gaya mata gero da rogo da burodi duk sukari suke zama a jini ba. Wata kuma, don tsoro, sai ta rage mai abinci alhali allurar ba a rage ta ba, yaro ya yi ta karkarwa da zufa a aji, kamar muna zamanin Allen.