Albert Namatjira, Mai Zanen Duwatsun Tsakiyar Ostiraliya

An haifi Albert Namatjira a shekarar 1902 a Hermannsburg, wani zangon 'yan mishan da Jamusawa suka kafa a hamadar tsakiyar Ostiraliya. Ɗan ƙabilar Aranda ne, watau ɗaya daga cikin ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar. Kafin ya kama zane ya yi ƙira, ya yi kiwo, ya kuma yi jan raƙuma.

Raƙuman ne ma suka kai shi ga sana'arsa. A 1936 wani Bature mai zane, Rex Battarbee, ya ɗauke shi ja-gora zuwa cikin duwatsu. Albert yana kula da raƙuma, Baturen yana koya masa zane da fentin ruwa. Bayan shekara biyu aka baje zane-zanensa a birnin Melbourne, aka saye su kakaf. Duwatsu jajaye yake zanawa, da fararen itatuwa, da busassun ƙoramu. Wasu masana na lokacin sun raina aikin, wai kwaikwayon Turawa ne kawai. Amma ba su lura da kyau ba. Wuraren da yake zanawa ƙasar kakanninsa ce, wadda ya sani dutse-dutse, ba kallon baƙo yake yi mata ba.

Sunansa ya kai ko'ina, har aka gabatar da shi ga Sarauniya Elizabeth a 1954. Duk da haka, da ya nemi hayar filin kiwon shanu sai aka hana shi. Da ya so gina gida a garin Alice Springs, nan ma aka ƙi.

A 1957 hukuma ta ba shi da matarsa Rubina cikakken 'yancin ɗan ƙasa. Sai dai 'ya'yansa da danginsa ba su samu ba, suna nan ƙarƙashin tsohuwar doka wadda, cikin abubuwa da yawa, ta hana su shan giya. A al'adar Aranda kuwa, abin da mutum ya samu na dangi ne, ba ya ci shi kaɗai. Dokar ba ta san da wannan ba. A 1958 aka tuhume shi da bai wa wani ɗan'uwansa giya, aka yanke masa ɗaurin wata shida. Da aka ɗaukaka ƙara aka rage zuwa uku, ya yi wata biyu tsare a Papunya. Bai daɗe da fitowa ba ya rasu a watan Agusta na 1959, yana da shekara 57.

Ko gadonsa bai tsira ba. A 1983 hukuma ta sayar wa wani kamfani haƙƙin mallakar zane-zanensa a kan dalar Ostiraliya 8,500, iyalinsa suka daina samun ko kwabo. Sai a 2017 aka mayar musu da haƙƙin a kan dala 1.