Inji a jikin gilaida: gardamar da muka gada

Takunkumi ne ya haifi wasan nan namu. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya an ɗaure wa Jamus hannu kan jiragen sama masu inji, sai samari suka hau tudun Wasserkuppe a 1920 da gilaida, jirgi mara inji na katako da yadi. A hankali suka koyi hawa iska mai ɗumi, wadda ungulu ke shawagi a kanta. Shi ya sa har yau dattawanmu ke kallon inji a jikin gilaida kamar ƙuda a fura.

Duk da haka injin ya shigo. A 1935 an gwada mai naɗewa cikin jiki a Ingila, gilaidar DG-400 mai inji ta fito a 1981, yanzu ga farfelar lantarki a hancin jirgi, FES, daga Sulobeniya. Dokar gasa a fili take: na'urar rubuta tafiya tana jin ƙarar inji, inda ka kunna nan ake ɗauka ka sauka, makinka ya tsaya.

To ina fifikon mai inji? Ba a gudu yake ba. Ranar da iska ke da ƙarfi kowa na cika fukafukai da ruwa don ƙara nauyi, har jirgi ya kai kilo 600 a ajin masu fukafukan mita 18, inji ya zama kaya cikin kaya. Ranar da ta yi sanyi, mara inji ya zubar da ruwansa ya yi sama, mai inji kuwa ba shi da yadda zai yi da ƙarfensa.

Fifikon a barci yake, da zuciya. Na taɓa sauka a gonar wani manomi da yamma, kafin abokai su zo da tirela mu kwance fukafukai mu koma, dare ya raba. Wanda muke kai da kai da shi ya kunna inji ya dawo, ya ci abinci, ya kwanta. Washegari ya bar ni a baya. Kuma wanda ya san yana da hanyar komawa yakan kutsa inda ni sai na yi ta lissafi. Wani lokaci kutsen kan ci shi: inji ya miƙe ya ƙi tashi, ya zama birki, ƙasa kuma ta matso.

A tseren yini ɗaya ba na jin tsoron mai inji. A gasar mako biyu kuwa, ya fi ni.