Daga Raleigh zuwa kabon: tarihin wilin keke da hanyoyinmu na Kabi

1/ Wani ƙanena ya turo min hoton keken hawan dutse da ya gani a intanet, wai wilinsa na kabon ne, shi zai saya ya riƙa hawa tsaunin Dukku a Birnin Kebbi. Na ce dakata, mu koma tarihi tukuna kafin ka zuba kuɗinka. Ku biyo ni 🧵

2/ Mu fara da 1934. A shekarar ce Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin su. Nan aka binne tsohuwar gabar Kabawa da Sakkwato, nan ne kuma tushen bikin kamun kifi na Matan Fada.

3/ A wannan shekarar dai, can Faransa, Antonin Magne ya lashe tseren Tour de France da wilin alminiyom na kamfanin Mavic. Dokar gasar ba ta yarda da shi ba, sai aka shafe shi da fenti ya yi kama da katako. E, katako fa. Da shi 'yan tsere ke yin da'irar wili a lokacin.

4/ Amma keken da ya shigo ƙasarmu ba na tsere ba ne. Na Ingila ne: Raleigh, Hercules da ire-irensu. Raleigh daga Nottingham yake, kuma abin da kamfanin ke alfahari da shi shi ne kekensa ƙarfe ne zalla. Har tallarsa aka yi a Afirka da hoton mutum bisa keke ya tsere wa zaki.

5/ A zamanin En'e, mai keke babban mutum ne: malamin makaranta, malamin gona, ma'aikacin asibiti, ɗan kasuwa. Daga baya Raleigh ya kafa masana'anta a Kano. Bayan karyewar darajar naira daga 1986, sai Phoenix na Sin da Hero na Indiya suka ƙara cika kasuwa saboda sauƙin kuɗi.

6/ Duk fasalinsu ɗaya: wili mai inci 28, na ƙarfe, da burkin sanda. Nauyi kam akwai shi. Amma ku tuna aikin da ya yi. Buhun shanshera daga fadama, jarkokin ruwa, kwandon kifi, albasa, ga kuma yaro a kan kariya. Yashi ne, marmara ce, ƙaya ce, haka yake ratsawa.

7/ Sirrinsa ba ƙarfi kaɗai ba ne. Ƙarfe idan ya daki dutse lanƙwashewa yake yi. Mai gyara a gindin darbejiya zai kifa keken, ya buga da guduma, ya ɗaure wayoyin wilin ɗaya bayan ɗaya har ya miƙe. Idan ya mutu murus, yara su samu gare-gare. Ba a asara.

8/ Shi kuwa keken hawan dutse ɗan baya-bayan nan ne. A shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin ta Kalifoniya, Amurka, suka riƙa gangarowa daga tsauni da tsofaffin kekuna masu kaurin taya. A 1976 suka fara tseren da ake kira Repack. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, aka fara sayar da irinsa da yawa.

9/ Alminiyom ne ya zama wilin wannan keke. Bai kai ƙarfe nauyi ba, ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, kuma burkin roba ya fi kama shi idan ya jiƙe. Duk wanda ya taɓa taka burkin tsohon keke cikin ruwan Agusta ya san abin da nake nufi. Sai dai ka yi ta salati 😅

10/ To kabon fa? Ba ƙarfe ba ne sam. Zare ne siriri ƙwarai da ake jerawa shimfiɗa kan shimfiɗa, a haɗa da wani irin danƙo, a gasa cikin mazubi. A 1963 masu binciken jiragen sama a Farnborough ta Ingila suka gano hanyar yin mai ƙarfinsa. Ya daɗe a jirage da motocin tsere kafin ya yawaita a wilin keken dutse.

11/ Mu ba shi haƙƙinsa. Ya fi sauƙin nauyi, ba ya saurin karkacewa, kuma yana shanye dukan da zai lotsa alminiyom ba tare da ya nuna komai ba. Ga ɗan tsere da ke lissafin daƙiƙa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

12/ Matsalar tana ranar da dukan ya wuce ƙarfinsa. Alminiyom lotsawa yake, sau da yawa a ɗan miƙar da bakinsa ka lallaɓa ka isa gida. Kabon tsagewa yake. Guduma ba ta gyara shi, walda ba ta kama shi. Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu wajen kilomita 50 ne. Ka ƙiyasta turin keke a ranar Afrilu.

13/ Za ka ji Bature yana yabon kabon, da gaskiyarsa. Kamfanoni da yawa a can suna canja wa mai saye na farko wili idan ya fashe. Mu kuwa yawanci na hannu muke saye, ba takarda, ba wanda za ka koma wa. Kuma tsagewar kabon tana iya ɓuya a ciki, ido bai gani ba.

14/ Wannan darasi ba mu kaɗai ba ne. Ƙungiyar World Bicycle Relief, da aka kafa a 2005, da ta zo ƙera keke don karkarar Afirka, ƙarfe ta koma wa. Keken Buffalo ke nan: mai nauyi, mai ɗaukar kaya, mai gyaruwa a ƙauye. Kusan tunanin da kakanninmu suka yi da Raleigh.

15/ Shawarar da na ba ƙanena: ya sayi wilin alminiyom mai bango biyu, mai wayoyi 32. Ragowar kuɗin ya sa a taya mai kauri, famfo, kayan faci da hular kwano. Kada ya bar iska ta yi ƙasa sosai, don ita ke sa bakin wili ya daki dutse. Kabon sai ranar da ya fara gasa, kuma yana da kuɗin na biyu.

16/ Kafin ka biya, tambayi mai gyaran unguwarku: idan wannan ya lalace, za ka iya da shi? Amsarsa ta fi duk bidiyon YouTube amfani a gare ka.

Wa ke da tsohon Raleigh ko Phoenix na Baba a gida har yanzu? Ku ajiye mana hotonsa a ƙasa, mu ga wanda ya fi tsufa.