Dare biyu a rayuwar Bob Kerrey

Duk wanda ya wuce gidan kallon unguwarmu da dare ya san yadda samarinmu ke son fim ɗin sojojin ruwan Amurka na musamman, waɗanda ake kira SEAL. To, ga labarin ɗaya daga cikinsu, amma wannan ba fim ba ne.

Bob Kerrey ɗan jihar Nebraska ne, an haife shi a 1943, kuma haɗa magunguna ya karanta kafin ya shiga sojan ruwa. A farkon 1969 aka tura shi yaƙin Biyetnam yana ɗan shekara 25, ƙaramin hafsa mai jagorantar mutum shida.

A daren 25 ga Fabrairu jirgin ruwa ya sauke su kusa da wani ƙauye, Thanh Phong, a yankin da kogin Mekong ke shiga teku. Wani jagoran 'yan tawayen Viet Cong suka je nema. Ba su same shi ba. Mutanen da suka tarar a bukkar farko da wuƙa aka kashe su, don kada su yi kururuwa. Sai suka nausa cikin ƙauyen.

Daga nan magana ta rabu biyu. Kerrey ya ce harbinsu aka yi a cikin duhu suka mayar da wuta, da ƙura ta lafa sai ga gawarwakin mata da yara. Gerhard Klann, wanda ke tare da shi a daren, ya ce a'a, tara mutanen aka yi wuri guda aka harbe bisa umarnin Kerrey. Sauran abokan aikin sun goyi bayan Kerrey. Mu dai ba mu je ba, ba za mu yi shaidar abin da ba mu gani ba. Amma abin da ba a jayayya a kansa shi ne rahoton soja ya ce an kashe 'yan tawaye 21, har aka ba shi lambar yabo a kan haka. Mu 'yan kasuwa mun san sunan wanda ya rubuta a littafi abin da babu shi a buhu.

Dare na biyu shi ne 14 ga Maris, ko sati uku ba a cika ba. A wani tsibiri kusa da Nha Trang suka hau wani dutse mai tsayi don su afka wa abokan gaba ta sama. Gurneti ta fashe a ƙafafunsa, amma ya ci gaba da ba mutanensa umarni yana zubar da jini. Ƙafar dama dai sai yankewa aka yi daga ƙasan gwiwa. A 1970 Shugaba Nixon ya rataya masa lambar jarumta mafi girma ta sojan Amurka.

Da labarin wannan dare na biyu ƙasarsa ta san shi. Ya yi gwamnan Nebraska, ya yi sanata shekara 12, har takarar shugaban ƙasa ya nema a 1992. Na farkon kuwa shiru kake ji, shekara 32, sai a 2001 da 'yan jarida suka tono shi. Bai musa cewa mata da yara sun mutu ba, ya ce abin bai taɓa barin zuciyarsa ba. Ba a gurfanar da kowa a kotu ba.

A 2016 aka naɗa shi shugaban hukumar gudanarwar Jami'ar Fulbright da ke Biyetnam ɗin. Mutanen ƙasar suka kasu, wasu suka ce a yafe, wasu suka ce ko an yafe ba shi ya dace da kujerar ba. Daga baya ya sauka.