Bambancin Ƙananan Gonakin Iyali a Jikwoyi da Tasirinsa ga Manufofin Noma

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci gidajen da ke noma a Jikwoyi, unguwar da ke kan hanyar Nyanya zuwa Karshi a Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja. Hujjarta ita ce tabbacin riƙe ƙasa ya fi faɗin gona bambanta manoman wurin, kuma duk tallafin da bai lura da haka ba zai tsallake mafi buƙata.

Gabatarwa

Tun a 1972 mai bincike Polly Hill ta kasa magidantan Ɓatagarawa da ke kusa da Katsina gida huɗu, gwargwadon ƙarfinsu na jure shekarar da amfani bai yi kyau ba. Binciken David Norman na Samaru a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi shi ma ya bambanta gandu da iyali. Duk da haka, har yau takardun gwamnati na ɗaukar ƙaramin manomi kamar mutum guda mai buƙata guda.

Matsalar ƙasa

Doka ta 6 ta 1976 ta mayar da duk ƙasar Babban Birnin Tarayya hannun Gwamnatin Tarayya. Bayan ƙaurar gwamnati daga Legas a 1991, ma'aikatan da hayar tsakiyar birni ta fi ƙarfinsu suka kwararo Karu da Jikwoyi da Kurudu, gonaki suka riƙa komawa fuloti.

Wannan ya fi shafar Gbagyi, mazauna wurin na asali. Sun gaji gona, sun gaji ilimin doya da dawa, amma gadon bai zama takardar da banki zai karɓa ba. Doya kuwa tana son ƙasar da ta huta, ga shi babu sauran wurin hutar da ita kusa da gida. Sai magidanci ya nemi gona can wajen Orozo ko Karshi, inda kuɗin mota ke cinye riba, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Abin takaici ne a ce mafi sanin ƙasar shi ya fi kowa nisa da gonarsa.

Akwai kuma masu shuka a fulotin da ba a gina ba, galibi masu gadi da 'yan ci-rani. Masara da kuɓewa da gyaɗa suke sawa, abin da zai nuna cikin wata uku zuwa huɗu, domin mai wuri na iya sauke bulo kowace rana. Ba rashin sani ke hana su zuba takin gargajiya ko dasa itace ba. Lissafi ne mai kyau ga wanda bai da tabbacin baɗi. Masu lambun rani a bakin rafi damuwarsu ita ce tsabtar ruwan da ke ratsa unguwa. Ma'aikacin da ke kiwon kaji ko tarwaɗa a bayan gida kuwa, tsadar abincinsu ce ke karya shi.

Tasiri ga manufa

Shirin tallafin taki ta wayar salula na 2012 ya ware wa manomi buhu biyu a rabin kuɗi, komai irin gonarsa. Bashin Anchor Borrowers da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a Kebbi a 2015 an gina shi kan ƙungiya mai noma amfani iri ɗaya domin kamfani mai saye. Mai rabin fuloti ba shi da gurbi a wannan tsari, mai kaji ɗari kuwa ba taki yake nema ba.

Don haka rajistar manoma ta riƙa tambayar yadda mutum ya sami wurin, gado ne ko aro ko haya, da kuma rabon noma a cefanen gidansa. Masu aro a sama musu rubutacciyar yarjejeniyar damina ɗaya da ke hana rushe shuka kafin girbi, a kuma sayar musu da taki a ƙananan buhuna. Gidajen Gbagyi kuwa sai Hukumar Babban Birnin ta keɓe filayen noma cikin taswirarta, ta ba su takarda a kai.